Ƙusa a Jikin Rumbu

A gidanmu ba a kiran suna. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, saboda ni ne ɗan fari. In yana nemana sai ya ce "kai", in na yi nisa ya ce a kira masa "wancan". Mahaifiyata kuwa, duk shekarun da suka yi tare har Allah Ya karɓi abinsa, ban taɓa jin sunanta a bakinsa ba ko da kuskure. In da mu yake magana "uwarku" ce, in da baƙo ne "masu gidan". Fillanci ya kusa ƙarewa a bakinmu, shanun ma sun koma 'yan ƙalilan, amma wannan kunyar tana nan daram.

Shekara biyu da rasuwar Inna aka yi wa ƙanena haihuwa. Yana karatu a wata ƙasa can gabas mai nisa, shi da matarsa, inda in mun idar da sallar asuba su sun riga sun yi azahar. 'Ya mace aka samu. Ya yi mata kiran salla a kunne ranar da ta faɗo, amma sunan ya bar wa Baba, kamar yadda ake yi a gidanmu: kaka ne yake raɗa wa jika suna, da bakinsa, a kunnen jaririn. Kowa ya san sunan da za a sa. Babu wanda ya furta.

Na ɗauka abin mai sauƙi ne, a kira waya Baba ya faɗa a wuce wurin. Ya ce sam. Ko ɗan maraƙi bai taɓa sa wa suna ba sai ya dube shi, balle mutum. Na ce a turo hoto. Ya ce hoto ba shi da kunne. Yana so ya ga yarinyar tana motsi, ya ga an kara mata wayar, ya ga maganar ta shiga. Ƙanena ya tara abokan karatunsa bayan la'asar ɗinsu ranar suna, wato da hantsi ke nan a wajenmu, kuma ya ce ba za a ci komai ba sai Baba ya yi magana.

Ƙauyenmu yana arewa da Babura, kusa da iyaka ƙwarai, har akwai gonakin da in ka kai ƙarshen kunya ka shiga Nijar. Layin da ke wayata a can da ƙyar yake ɗaukar kira, bidiyo kuwa ba a maganarsa. Amma ina da rauta, 'yar farar na'urar nan da ake sa wa sim ta watsa waifai a gida, mai ƙahonni biyu, kuma kamfanin layinta yana da ƙarfen sabis a kudancin garinmu. A Kazaure nake aiki, kuma a ofishinmu ni ake kira in kwamfuta ta ƙi tashi ko firinta ta cije takarda. Na je da rautar nan Roni ta yi aiki, na je da ita wani taro a Gwiwa ta ɗauki mutum goma ba ta yi gardama ba. Don haka ana gobe suna na sa mata data, na naɗe ta a tawul, na hau ƙaramar bas zuwa Babura, daga can na hau babur. A hanya har tausayin 'yan gidanmu nake ji, ina cewa ba don ni ba ya za su yi.

Na isa bayan azahar. Baba ya riga ya sa an share ɗakin Inna, wanda tun rasuwarta yake rufe, an shimfiɗa tabarma da buzunsa. Ya ce a nan za a yi. Ban tambaye shi dalili ba, ba sai an faɗa mini ba. Ɗakin yana ƙarshen gida ta arewa, da 'yar taga mai kallon gonaki. Na ɗora rautar a kan tagar, na jona ta da batirin sola, na kunna.

Fitilun suka taso ɗaya bayan ɗaya. Ta wuta kore. Ta waifai kore. Sabis ya cika fal, sanduna duka, abin da ko a Kazaure ban cika gani ba. Na yi murmushi. Sai fitilar ƙarshe, ta intanet, ta kawo ja ta tsaya a jan.

Na kashe na kunna. Ja. Na cire sim na goge shi da bakin riga na hura ramin na mayar. Ja. Na karkata ƙahonnin hagu, na karkata su dama, na buɗe su kamar na bijimi. Na nemo tsinken tsintsiya na danna ɗan ramin da ke bayanta, ta goge komai ta koma yadda aka sayo ta, na sake sa mata lambobin sirri daga farko. Wayata ta kama waifai ɗin nan take, da ƙarfinsa, amma ƙarƙashinsa an rubuta babu intanet. 

Gwaggona, ƙanwar Baba, tana zaune a bakin ƙofa tana gyaran zogale. Ita ce take riƙe da gidan tun da Inna ta rasu. Ba ta yi boko ba ko na rana ɗaya, amma duk mako tana tsallaka iyaka cin kasuwa da tabarmi da man shanu, kuma tana lissafin sefa da naira a ka kafin mai kalkuleta ya gama dannawa. Ta daɗe tana kallona ta wutsiyar ido.

"Injiniya," ta ce, don haka take kirana in za ta tsokane ni, "abin naka ya ƙi ne?"

"Yanzu zai yi, Gwaggo."

"Ai ya tsallaka ne."

"Me ya tsallaka?"

"Abin naka. Ɗakin nan ai a Nijar yake. Fito da shi waje."

Ina da saurin fushi, kuma ya fi tashi in na kasa abu a gaban mutane. Na ce mata, cikin muryar da har yau nake jin kunyarta, wannan ba irin ƙaramar wayarta ba ce, na'ura ce mai tsari, kuma ga sabis nan ya cika, fita waje ba abin da zai ƙara. Ta ce, "To, Allah Ya ba da sa'a," ta ci gaba da zogalenta. Ba ta ji haushi ba, kuma wannan ya fi ƙona mini rai.

Na kira kamfanin layin. Sai da na fita ƙofar gida kafin kiran ya shiga, na sha kiɗa har kunnena ya yi zafi, sannan wata yarinya mai ladabi ta ɗauka. Ta duba ta ce layin yana raye, data tana nan ba a taɓa ta ba, babu wata matsala a yankinmu. Sai ta ce, "Yallaɓai, yanzu haka a wace ƙasa kake?" Na ce wace irin tambaya ce wannan, a gidan ubana nake, a Jigawa, in ba ta san aikinta ba ta haɗa ni da wanda ya sani. Na kashe wayar tun ba ta rufe baki ba. Mutum biyu ke nan suka gaya mini gaskiya a yini ɗaya, kuma dukansu na yi musu tsawa.

Kafin magariba Baba ya leƙo ɗakin. Ya dubi jar fitilar, ya dube ni. Bai san me ja ke nufi a jikin rauta ba, amma ya san fuskata.

"Zai yi kuwa?"

"Zai yi, Baba, in sha Allahu. Wani ɗan abu ne."

"In ba zai yi ba a faɗa wa yaron nan tun da wuri. Ya sa liman na can ya raɗa. Kada a bar mutane da yunwa."

Ya faɗi haka kamar ba komai, ya juya ya tafi masallaci. Amma na ga sabuwar rigarsa a rataye a jikin ƙofa, an sa mata guga, da hular da rabon da ya sa ta tun bikin ƙanen nawa. Na san cewa in liman na can ya raɗa sunan, Baba ba zai taɓa yin ƙorafi ba, kuma ba zai taɓa mantawa ba.

Da safe bayan mun dawo daga masallaci na sake komawa kan rautar, na maimaita duk abin da na yi jiya, kamar maimaitawar za ta sa ta ji tausayina. Rana ta fara ɗagowa. Ƙanena ya turo ɗan gajeren saƙo, ya shigo da ƙyar: matarsa ta gama girki, mutane sun fara zuwa. Na zauna a kan tabarmar na rasa abin yi. A nan ne girman kai ya ƙare mini, ba don na yi hankali ba, sai don ba ni da sauran dabara.

Na sami Gwaggo a madafi tana dama kunu. Na durƙusa.

"Gwaggo, jiya kin ce ya tsallaka. Yaya abin yake?"

Ta bar ni a durƙushe har ta gama damawa, ta ɗanɗana, ta ƙara tsamiya. Sannan ta ce in dai mutum ya shiga ɗakin nan da waya, wayar sai ta bar ƙarfen garinmu ta kama na Nijar, don shi ne ya fi kusa da tagar, kuma babu gini tsakaninsu sai gona. Za ka ga sabis ya cika, amma in an kira ka ba ya shiga, in kuma ya shiga kuɗinka ya tafi. Duk mai cin kasuwar iyaka ya san wannan. Ta ce, "Naku na boko dai ban sani ba, amma sim sim ne."

Na koma ɗakin da sauri, na buɗe shafin saitin rautar a wayata, shafin da jiya na shiga ya fi sau goma ina duba komai ban da abu ɗaya. A can sama, da ƙananan haruffa, ga sunan kamfanin da ta kama. Ba namu ba ne. Na ƙasar maƙwabta ne, kuma gefensa ga alamar cewa layin yana yawo a waje. An saita ta ta zaɓi sabis da kanta, ita kuwa ta zaɓi mafi ƙarfi, kuma datar da na saya ba ta aiki a can. Na cire ta daga zaɓin kanta, na sa ta nemo duk sabis ɗin da ke kusa, na zaɓar mata namu da hannu. Sandunan nan da suka cika suka zube, saura ɗaya, ita ma tana zuwa tana tafiya. Fitilar ta yi kore ta koma ja, ta sake yin kore.

"Na ce maka fito da shi," in ji Gwaggo daga bayana. "Taho in nuna maka wurin."

Na ɗauko rautar da batirin na bi ta. Ta ratsa tsakar gida har kusurwar kudu, bayan rumbun gero, inda babu inuwa ko ta ganye ɗaya. Akwai wani tsohon dutsen niƙa a ƙasa. Sama da shi, a jikin rumbun, ga wata doguwar ƙusa ta yi tsatsa, da ɗan guntun zare a ɗaure.

"Rataya a nan. Duk gidan nan nan ne Najeriya."

Na tambaye ta wa ya kafa ƙusar.

"Uwarka mana. Nan take rataye wayarta ran Juma'a. Ta hau dutsen nan ta rataya, ta sauko ta zauna tana jira."

Na tsaya da rautar a hannu. Ran Juma'a nake kiran Inna, bayan an sauko daga masallaci, in na tuna. Wani lokaci da azahar ɗin, wani lokaci sai la'asar, wani makon kuma aiki ya sha kaina sai Asabar ko Lahadi. In na kira a ranar da ba ta zata ba, wayar ba ta shiga, kuma in na same ta daga baya sai in hau faɗa: me amfanin wayar da na saya mata in kullum a kashe take, ko an jefa ta ƙarƙashin gado? Ita kuma sai ta yi dariya ta ce in yi haƙuri, tsufa ne. Ko sau ɗaya ba ta ce mini ɗakinta ba ya kama kira ba. Wataƙila ta san in ta faɗa zan ce ta canza ɗaki, ita kuwa a ɗakin nan ta haife mu duka.

"Tun yaushe take zama?" na ce.

"Daga an tafi masallaci. In ka kira ta tashi. In ba ka kira ba sai an yi kiran magariba." Gwaggo ta gyara ɗankwalinta. "Da zafi takan ɗora faifai a ka. Ni ina ce mata ta shigo, in ta yi ƙara ai za mu ji. Ta ce a'a, kai ba ka da haƙuri, in ta yi ƙara uku ba a ɗauka ba kashewa kake yi."

Gaskiya ta faɗa, haka nake yi. Ba ni da lokacin kuka, don rana ta riga ta hau. Na taka dutsen, duk da ni tsawona ya kai ba sai na taka ba, na ɗaure rautar a ƙusar da guntun zaren nan nata. Sanduna uku. Fitilar ta yi kore ta zauna.

Saura Baba. Na same shi a ɗakin Inna, ya sa rigar da hular, yana zaune a kan buzu yana jan carbi. Na ce masa abin ya yi, amma ba a nan ba, sai an fita bayan rumbu, don katangun ƙasa sun tare waifai ɗin bai iso ɗakin da ƙarfi ba. Na zaci zai ƙi. Ya dubi ɗakin, sannan ya ce, "Wajen ƙusar?" Na ce e. Ya miƙe ya naɗe buzunsa da kansa.

Ya shimfiɗa shi kusa da dutsen niƙan, cikin rana. Na kira. Fuskar ƙanena ta fito, bayansa wani ɗan ɗaki cike da samari baƙaƙe da farare, kowa ya sa hula ko ta dace da shi ko ba ta dace ba. Aka gaisa. Matarsa ta gaida Baba daga gefe ba ta nuna fuska ba, ta miƙo yarinyar. 'Yar mitsitsiya ce, da gashi kwance, tana ta murza fuska tana tura hannu a baki. Baba ya matso har hularsa ta kusa taɓa gilashin. Ya daɗe yana kallo. Ya ce a juyo ta, aka juyo. Ya ce goshin na gidanmu ne.

Sai ya ɗaga hannu ya ce kowa ya matsa. Gwaggo da matan maƙwabta da suka shigo suka ja baya zuwa bakin madafi. Ni ma na yunƙura zan ba shi wayar in tashi, amma duk lokacin da ya riƙe sai babban yatsansa ya rufe kyamarar. Ya gwada sau biyu. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kai, riƙe." Na durƙusa a gabansa na riƙe, na kawar da kai gefe ina kallon jikin rumbu.

Can aka kara wayar a kunnen yarinyar. Baba ya yi bisimilla, ya yi salati, ya yi addu'a a hankali. Sannan ya sassauta murya ƙwarai ya faɗi sunan. Na ji shi. Ban taɓa sanin haka yake furta shi ba, da ɗan jan wasalin ƙarshe irin na Fillanci, ba yadda aka rubuta a katin asibitinta ba.

Hoton ya tsaya cak. Fuskar yarinyar ta daskare da baki a buɗe, na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba da motsi. Muryar ƙanena ta dawo a yanke.

"Baba, a yi haƙuri, ya ɗauke. Ba mu ji ba. A sake faɗa."

Baba ya ɗago ya dube ni. Na ce sabis ne, a ɗan ɗaga murya. Ya dubi matan da ke bakin madafi, ya dubi rautar da ke rataye a ƙusa. Ya gyara zama. Sannan ya kira sunan Inna da ƙarfi, sarai, kamar tana can ƙarshen gida yana so ta jiyo.

Can ɗakin ƙanena aka ɗauki kabbara da fatiha, wata ta rangaɗa guɗa. A nan kuwa, a tsakar gida, Gwaggo ta rufe fuska da gefen mayafi. Baba ya shafa fatiha, ya ce Allah Ya raya, Allah Ya sa mai haƙuri ce kamar mai sunan, ya ce su je su ci abinci.

Na kashe kiran, na miƙe zan kwance rautar in mayar da ita inuwa kada rana ta lalata ta. Ya ce in bar ta tukuna. Yana nan zaune a kan buzun, rana tana dukan sabuwar hular, hannunsa ɗaya a kan dutsen niƙan. Na je madafi na karɓo faifai wajen Gwaggo, na dawo na tsaya a kansa na kare masa ranar. Bai ce in tafi ba. Muna nan a wurin har aka kira azahar.